Shekarar da Aka Yaye Ki

Wannan babin naki ne, ke babbarsu. Ƙannenki su karanta in sun girma, amma da ke nake. Ina rubuta shi da tsohon ciki, ƙafafuna sun kumbura, likita ta ce jinina ya hau, wataƙila a sake yi mini aiki kamar yadda aka yi a haihuwarki. Babanku ya ce tsoro ne ya yi mini yawa, kuma gaskiyarsa, tun ina yarinya haka nake. Amma mace in za ta shiga ɗakin nan ba ta san ko za ta fito ba, akwai kuma maganar da in na tafi da ita babu mai gaya miki. Babanku ba zai faɗa ba. Ba mugunta ba ce, shi dai abin da ya wuce ba ya son a tono shi. Karatuna bai yi nisa ba, kin sani, in kin ga inda na karkace ki gyara a zuciyarki ki wuce.

A Gudu, cikin Abuja, aka haife ki, ba a ƙauye ba kamar yadda kike gaya wa ƙawayenki. Lokacin babanku yana tuƙa wani oga na ma'aikatar gwamnati, muka kama ɗaki a wani gidan haya bayan kasuwa, irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya, kowa da igiyar shanyarsa. Ni amarya ce daga ƙauyenmu na ƙasar Kano, ban taɓa kwana gida ɗaya da wanda ba Bahaushe ba. A gidan akwai wani Ibo mai sayar da kayan lantarki, da Bayarabiya mai ɗinki, da samari 'yan Nijar masu shayi, da wani ɗan Togo mai sa tayil wanda ba ya jin yaren kowa sai murmushi. Watannin farko, da babanku ya fita sai in danna sakata, in zauna ina leƙe ta gefen labule. Ina kallon yadda suke wanke tukunya, yadda suke ɗaura zani, yadda mace ke yi wa mijinta tsawa a tsakar gida shi kuma yana dariya. Komai nasu tsoro yake ba ni, kuma na kasa daina kallo.

Ɗakin da ke kallon namu na Maman Bitrus ne, ko da yake lokacin ba ta haifi Bitrus ɗin ba, cikinsa take da shi. Kirista ce daga duwatsun Filato, tana soya doya da ƙosai a bakin kasuwa, mijinta maigadi ne a wani ofis. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Amarya, kai ba ka fitowa ne? Ko oga ya sa maka kwado ya tafi da makulli?"

Na ce ta cikin ɗaki, lafiya lau, na gode.

"To lafiya lau, ruwa ya zo a famfo. In ka tsaya kunya, Iya mai ɗinki zai cika duro uku ya bar ka da iska."

Haka na fito da bokitina, daga ranar kuma ban sake danna sakata da rana ba.

A al'adarmu cikin fari a gidan iyaye ake haife shi. Ni innata ta rasu kafin aurena, gwaggona da za ta karɓe ni ciwo ya kwantar da ita, likita kuma ta hana ni doguwar tafiya. Sai na haihu a nan, aka yanka ni aka ciro ki. Bayan an sallamo mu zazzaɓi ya rufe ni, nono ya ƙi zuwa. Babanku ya sayo madarar gwangwani, in an ba ki sai ki dawo da ita ta baki ta hanci. Kina kuka har muryarki ta dishe, ta koma kamar ta ɗan mage, maɗigar kanki ta faɗa ciki. Ina kwance ina kallonki, ina matsa ƙirjina, babu ko ɗigo. Ranar nan da la'asar babanku yana wajen aiki, Maman Bitrus ta dawo daga kasuwa da tirenta. Na ji ta tsaya a ƙofarmu tana sauraro. Sai na ga ta wuce famfo, ta wanke hannu da ƙirjinta da sabulu don warin mai, ta shigo ba sallama.

"Rabi, ba ni shi."

Na ce, "Me za ki yi mata?"

"Abin da kake gani. Bitrus ƙato ne amma ba ya iya gamawa, kullum sai rigana ya jiƙe."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ta zauna a bakin katifa ta sa ki. Ɗakin ya yi tsit, ban jin komai sai ƙarar haɗiyarki. Har yau in na rufe ido ina jin wannan ƙarar. Da kika ƙoshi kika saki, kika yi barcin da ba ki taɓa yi ba tun da kika zo duniya. Ta ci gaba da ba ki safe da rana da yamma har na warke nawa ya kawo, bayan nan ma in na shiga wanka kika farka, ba ta jira na fito. Babanku abin ya dame shi, ya je ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce babu laifi, an ceci rai, sai dai mu sani daga yanzu matar nan uwarki ce ta shayarwa, ɗanta ɗan'uwanki ne, babu aure tsakaninku har abada, kuma in kin yi wayo a gaya miki. Muka ce to. Gida dai ba mu aika da labarin ba.

Ke 'yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyar babanku aka sa miki, kunya ta zama biyu. Ni ba zan kira sunanki ba, shi ma haka, sai aka riƙa ce miki Ummi. Maman Bitrus kaɗai ke kiran sunanki na yanka, da ƙarfi, tun daga bakin ƙofar gida. Na yi mata bayanin cewa mu ba ma nuna son ɗan fari a gaban mutane, ba ma kiran sunansa, ko ya faɗi ba ma rawar jiki. Ta riƙe haɓa tana kallona.

"Wane irin abu ne wannan? A yanka cikin mutum a ciro abu, ya ce wai yana jin kunyansa? Ni Bitrus ko a coci sai na kira shi, fasto ma ya ji."

Gaskiya kuwa a gidan nan kunyar ta sake ni. Wa zai gan ni? Ɗan Togo? Ina goya ki, ina yi miki rawa a tsakar gida, ina cusa hancina a wuyanki. Kika tashi tare da Bitrus, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Kin ci gwaten uwarsa, ya ci tuwona. Kin fara tafiya kina dafa bangon ɗakinmu ki tsallaka zuwa nasu. Ni kina ce mini Umma, ita kina ce mata Mama. Ban taɓa jin kishi ba. Hankalina ma kwanciya yake in kina wajenta, don ita ba ta firgita kamar ni.

Kina gab da isa yaye kakanki Baba Malam ya zo, mahaifin babanku. Yanar ido ta rufe masa gani, ogan babanku ya taimaka aka samo masa layin aiki a asibiti. Kin san shi fiye da ni, ba sai na kwatanta miki shi ba. Muka bar masa katifa, mu muka koma ƙasa, aka raba ɗakin da labule, da rana kuma a shimfiɗa masa tabarma a inuwar ƙofa ya zauna da rediyonsa da carbinsa. Ba ya gani sosai, amma kunnensa bai bar komai ba. Ranar da ya sauka ni kuma na koma Rabi ta ƙauye. Na daina ɗaukarki in yana wajen, na daina yi miki wasa, in kin zo kin kama zanina sai in zame kamar ban ji ba. Shi kuwa yana ɗora ki a cinya yana ce miki amaryarsa, wai kin yi masa rowar haƙori. Da yamma in babanku ya dawo sai su yi hira, ina bayan labule ina ji.

"Wannan ba gari ba ne, tasha ce," in ji shi. "A gari in yaro ya yi ba daidai ba, duk wanda ya gan shi zai kwaɓe shi, don kowa ya san mene ne daidai. Nan kuwa daidai ɗin ma iri nawa ne? Na wannan ɗakin daban, na wancan daban. Yaro ya ɗebi kaɗan nan, kaɗan can, ranar da aka tambaye shi shi ɗan wa ne ya ce ɗan Abuja. Wa ya binne kakansa a Abuja?"

Babanku ya ce, "Baba, ai ƙasa ɗaya ce."

"A takarda. Ga na Nijar, ga na Togo, kowa ya ɗauko jakarsa ya shigo ba mai tambayarsa daga ina. Ban ce mugaye ba ne. Yunwa ce ta koro su, kamar yadda ta koro ka. Amma wanda yunwa ta koro ciki ya kawo, bai kawo gari ba."

Kada ki ɗauka yana wulaƙanta mutane. Kowa ya gaishe shi yana amsawa da kyau, har ɗan Togo sai da ya koya masa "lafiya lau". Maman Bitrus kullum da safe sai ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana, yaya idon?" Abincinta ne dai bai taɓa ci ba, in ta kawo sai ya sa albarka ya ce cikinsa ba ya son mai. Wata rana ya yi mata irin maganar da yake yi wa babanku, na zaci za ta ji haushi. Sai ta ajiye tire ta zauna a kan turmi.

"Baba, gaskiya ne fa. Na kai Bitrus gida, mamana ya yi masa magana da yarenmu, yaro ya tsaya yana kallonsa kamar rediyo. Tsohuwa ya yi kuka. Ya ce na kai jikansa inda za a mai da shi ba kowa ba."

"Kin ji ko," in ji Baba Malam. "Uwarki mai hankali ce. Ki gaishe ta."

Suka yi ta hira ranar kamar 'yan gari ɗaya, shi yana ba ta labarin yadda ake gayya a gonakinmu, ita tana ba shi na yankan acca. Ni har na ji daɗi, na ce ashe abin zai zo da sauƙi.

Aka yi masa aiki, aka cire bandeji, ido ya buɗe. Yana ta mamakin komai, wai ashe babanku ya yi furfura a gemu. Wata safiya yana kan tabarmarsa, ina tsugune ina wanke-wanke a gefe, kika taho da gudu kika yi tuntuɓe da bakin kwata, kika faɗi da fuska. Leɓenki ya fashe, jini ya fito. Wallahi ji na yi kamar an soka mini wuƙa, hannuna har ya saki kwanon. Amma surukina yana zaune yana kallo da sabon idonsa. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da cuɗa kwano, yadda aka koya mini, yadda na ga innata ta yi da yayana. Kika tashi kika kalle ni kina kuka, hannuwanki a miƙe. Ban ɗago ba. Sai kika juya kika ruga wajen Maman Bitrus tana fere doya a ƙofarta, kina "Mama, Mama". Ta yar da wuƙa ta ɗauke ki, ta share jinin da bakin zaninta, ke kuma kika zura hannu cikin rigarta kamar yadda kika saba, kika yi shiru.

Baba Malam ya ce, "Ikon Allah. Yarinyar nan ta san ki ƙwarai."

Ta yi dariya, ita har ga Allah abin alfahari take faɗa.

"Baba, ai ɗiyana ne. Nonona ya sha tun yana jinjiri, lokacin da Rabi ya kusa mutuwa. Ba su gaya maka ba?"

Ya ja carbinsa, ya daɗe yana kallonki a kafaɗarta. Ranar bai kunna rediyo ba.

Bayan magariba ya sa babanku a gaba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya ce ba ya ganin laifin kowa, rai aka ceta, matar kuma Allah ya saka mata. Amma nono ba ruwa ba ne, yana tafiya da hali da shaƙuwa, ga shi ya gani da idonsa, yarinya ta ji ciwo ta wuce uwarta ta tafi can. Ya ce yau hannu take sawa a riga, gobe in ta ji kiɗan coci ƙafarta can za ta bi, ba don an ja ta ba, don can zuciyarta ta saba. Sannan ya faɗi abin da ya fi ci mini rai. Ya ce ya ga yadda na riƙe kunya da safe, jini na zuba ban motsa ba, ya san 'yar gidan mutunci aka aura wa ɗansa, irin wannan tarbiyyar yake so wa mai sunan matarsa, kuma ba za ta same ta a tasha ba. Tunda lokacin yaye ya yi, yaye kuma da ma wajen kakanni ake kai shi, zai tafi da ke, Inna Hajara, ɗaya matarsa, kishiyar mai sunanki, ta riƙe ki har ki yi wayo. Babanku kuwa bai taɓa musu da mahaifinsa ba. Sai tsohon ya juyo wajen labule.

"Rabi'atu, kina ji. Ke me kika gani?"

Kina barci a bayan ƙafata, leɓenki a kumbure. Abin da ke cikina daban, amma abin da aka ɗora a harshena tun ina ƙarama shi ya fito. Uwar 'yar fari ba ta cewa tana so.

Na ce, "Baba, ai taku ce."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Washegari Maman Bitrus ba ta je kasuwa ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta zo ta durƙusa a gaban tabarmarsa, gwiwa biyu a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Baba, in bakina ne ya jawo, ka yafe. Ba zan sake ɗaukansa ba. Ko ya zo ƙofana zan kore shi. Ka bar wa Rabi yaronsa."

"Tashi, 'yata, ba ki yi laifi ba. Ke uwarta ce. Ba ni na faɗa ba, addinina ne ya faɗa, ba ni da ikon kankarewa. Shi ya sa nake tsoro. Da ke ba kowa ba ce da ban damu ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"To Baba, in ni uwansa ne, ni ba a tambaye ni ba."

Can ya ce mata, "Uwarki da ta yi kuka a kan Bitrus, ita za ta gane ni." Maman Bitrus ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta shiga ɗakinta.

Ranar tafiya da safe na yi miki wanka, na haɗa kayanki a jakar leda mai zif. Ban raka ku tasha ba, ba a yi. Babanku ya ɗauke ki, kina murna za a hau mota, kina ɗaga wa kowa hannu. Ƙofar Maman Bitrus a rufe take. A bakin ƙofarmu na tarar da ƙullin garin acca, ta rubuta sunanki a jikin ledar da biro. Bayan kwana biyu ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya dawo. Ta shigo da ruwan ɗumi da tsumma, ta zauna a inda ta zauna ranar farko, tana gasa mini. Sai da ruwan ya huce ta yi magana.

"Ya tambaye ka, Rabi. Ina wajen famfo, na ji. Ya tambaye ka."

Na ce, "Ba za ki gane ba. Kunya ce."

"Kunyan ne zai goya shi?"

Ba mu yi faɗa ba, amma daga ranar wani abu ya shiga tsakaninmu. In na ga Bitrus yana wasa shi kaɗai sai in shige ɗaki. Ita ma in ta gan ni sai ta rasa abin faɗa. Kafin shekara ta juyo babanku ya samo mana ɗaki a Jiwa kusa da 'yan garinmu, don Baba Malam ya ce in muna so a dawo mana da ke wata rana, mu koma cikin namu. Ranar da muka tare, mahaifin mai gidan, wani tsoho ɗan asalin garin, yana zaune a gindin mangwaro yana kallon ana sauke katifarmu. Ya nuna layin gidajen da sandarsa ya ce duk nan gonar dawarsu ce da.

"Yanzu baƙi kun cika mana gari. Jikokina ko gaisuwarmu ba su iya ba, sai taku."

Muryarsa da ta Baba Malam kamar an tsaga kara. Na tsaya da tukunya a hannu, na rasa ko dariya zan yi. Ashe duk inda muka je akwai tsohon da ke tsoronmu.

Da farko muna waya da Maman Bitrus, tana tambaya ko kin yi ƙiba, ko Inna Hajara ta iya dama accar. Ina cewa zan zo, ban je ba, ciki ya zo, goyo ya zo. Wata rana na kira aka ce layin ba ya aiki. Da na matsa wa babanku ya bi ta Gudu, ya dawo ya ce an yi rusau, gidan babu shi, an kewaye filin da kwano. Ya tambayi masu shayi, suka ce wasu sun koma wajen Abaji, wasu sun tafi gida, ba wanda ya san inda mai doya ta nufa. Na je da kaina bakin kasuwa, wata ce a wajenta tana gasa masara.

"Har ki yi wayo" kuwa ya yi tsawo. Duk Sallah muna zuwa, kina ɓuya a bayan babbar rigar kakanki kina leƙena kamar yadda nake leƙen mutanen Gudu. Ba zan zalunce shi ba, ya so ki so na gaske. Furarsa tare kuke sha, a kan kekensa kika san gona, shi ya fara biya miki karatu. Duk abin da ya ce zai ba ki ya ba ki. A ciwonsa na ƙarshe na je jinya, wata rana da hantsi ina ba shi kunu ya ce, matar nan ta Gudu, kuna gaisawa? Na gaya masa yadda aka yi. Ya daɗe bai karɓi cokali ba.

"Ba a kyauta ba. Tana da haƙƙi a kan yarinyar nan. Ni gidan na ce a raba ta da shi, ba matar ba."

Na yi ƙarfin hali, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Baba, ranar da ka tambaye ni, da na ce a bar mini ita fa?"

Ya dube ni da idon nan da aka gyara masa a Abuja.

"Ban sani ba, Rabi'atu. Ba a taɓa ce mini haka ba."

Bayan rasuwarsa aka dawo mana da ke, kin yi wayo har kin wuce. Kin iya gaisuwa gwiwa a ƙasa, Hausarki tas, ba kya ɗaga ido ki kalli babba. Maƙwabta suna cewa in ba su aron tarbiyyarki. Ni kuma ina lura da abin da ba su gani. In kin yanke da wuƙa, bayan gida kike zagayawa ki ɗaure da kanki. Ba ki taɓa kawo mini ciwonki ba. Ban ga laifinki ba, kin taɓa kawowa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na Kirsimetin da ya wuce. Matar malamin makarantar nan ta bayan gidanmu ta aiko da shinkafa da kaza, ke kika je ƙofa. Kika ce an gode cikin ladabi, kika mayar da kwanon a rufe, kika dawo kika wanke hannu. Ƙanwarki ta tambaye ki dalili, kika ce, "Mu ba ma cin nasu." Ina daga kicin na ji. Ban ce kin yi laifi ba, abin da za ki ci ke za ki zaɓa, kakanki ma bai ci ba. Wanke hannun ne ya tsaya mini, shi bai taɓa yin haka ba. Na kalli hannun naki, na ce wannan naman da wannan ƙashin, da nasu aka fara gina su, mai su kuma ba ta sani ba. Liman ya ce a gaya miki in kin yi wayo. Mun bar shi ya yi latti.

To ga shi. Sunanta Rifkatu, daga wani ƙauye wajen Fankshin. Gajera ce, baƙa, mai wushirya, akwai tabon ƙunar mai a wuyan hannunta na hagu, mai kama da ganye. Tana dariya tana dukan cinya. Ɗanta Bitrus ya girme ki da 'yan watanni, yayanki ne, duk ƙannen da aka haifa masa 'yan'uwanki ne. Ban sani ba ko tana raye. In na tashi lafiya zan sa babanku ya kai mu Abaji mu tambaya, in ya ƙi zan faɗa masa a'a da bakina, na koya yanzu. In kuma ban tashi ba, ke ki nema. Duk mai soya doya da kika gani, ki kalli hannunta na hagu. In kin same ta, ki durƙusa gwiwa biyu yadda kakanki ya koya miki, ya koya miki da kyau. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki faɗa mata sunanki kawai, ita ce ta fi kowa kiransa.

Ni ban taɓa kira ba, ko sau ɗaya, ko a ɗaki mu biyu. Bari in rubuta shi a nan, ki gani da hannuna.

Sa'adatu. Ranar da kika faɗi, na ga hannuwanki.